Adabin Amurka a Makarantun Sakandaren Kirista: Abin da Ake Karantawa da Yadda Ake Koyar da Rubutu

A Amurka ɗalibin babbar sakandare yana yin shekara huɗu, daga aji na 9 zuwa na 12, kuma kowace shekara yakan ɗauki darasin Ingilishi, wanda ya haɗa adabi da insha'i a hannun malami guda. A yawancin makarantu aji na 11 aka keɓe wa adabin ƙasar kanta. Yara 'yan shekara 16 zuwa 17 sukan fara a watan Agusta ko Satumba da rubuce-rubucen Turawan da suka sauka gaɓar ƙasar a ƙarni na 17, su bi tarihi daki-daki har su iso marubutan zamani kafin hutun bazara. Haka tsarin yake a makarantun gwamnati, haka yake a makarantun Kirista masu zaman kansu, jerin littattafan ma bai cika nisa da juna ba. Bambancin yana wani wuri. A makarantar Kirista akan buɗe darasi da addu'a, malami yakan sa hannu a takardar aƙida kafin a ɗauke shi aiki, iyaye kuma suna biyan kuɗi ne domin a tarbiyyantar da 'ya'yansu a kan bangaskiya. Ga shi kuwa kaso mai tsoka na adabin Amurka gardama ce da addinin Kirista. Wasu marubutan suna kare shi, wasu suna tuhumar mabiyansa, wasu sun fita daga cikinsa amma harshensa bai bar bakinsu ba. Aikin malamin adabi a irin wannan makaranta ya rataya ne a kan yadda zai shigar da yara cikin wannan gardama.

Makarantun da asalinsu

Kusan ɗaya cikin kowane ɗalibai 10 a Amurka makarantar kuɗi yake zuwa, mafi yawan waɗannan makarantu kuwa na addini ne. Na Katolika su ne suka fi tsari da yawan ɗalibai. A taron da shugabannin cocin suka yi a Baltimore a 1884 aka umarci kowace majami'a ta buɗe makaranta, domin makarantun gwamnati na wancan zamani sun karkata ga Furotesta. Furotestan da suka yi ƙaura daga Holan su ma sun daɗe da nasu, kuma ƙungiyar makarantunsu da ke Grand Rapids a jihar Michigan tun 1920 aka kafa ta. A 1925 Kotun Ƙoli ta soke wata dokar jihar Oregon da ta so ta tilasta wa kowane yaro zuwa makarantar gwamnati, hukuncin da makarantun addini suke dogara da shi har yau.

Amma idan Ba'amurke ya ce makarantar Kirista, galibi yana nufin ta Furotesta 'yan bishara, waɗanda suka yawaita daga shekarun 1960. Dalilai biyu ne suka haɗu. Na farko, Kotun Ƙoli ta hana addu'ar da hukuma ta tsara a makarantun gwamnati a 1962, ta hana karatun Littafi Mai Tsarki a matsayin ibada a 1963. Na biyun ba shi da daɗin faɗa: bayan hukuncin 1954 da ya haramta raba yara farare da baƙaƙe, iyaye farare da dama a jihohin kudu sun kwashe 'ya'yansu zuwa sababbin makarantun kuɗi, wasunsu a harabar coci. Wannan tarihi yana da nasaba da darasin adabi, kamar yadda za a gani idan an zo kan littattafan bauta. A 1978 aka kafa ACSI, babbar ƙungiyar irin waɗannan makarantu, wadda ke tantance su tana ba malamansu takardar shaida. Tsarin ya ƙetare teku tun da daɗewa: makarantar Hillcrest ta Jos, wadda 'yan mishan suka buɗe a 1942, manhajar Amurka take bi.

Zangon farko: gidan da aka sani

Darasin yakan fara da Furitan, wato Furotestan Ingila da suka ga cocin ƙasarsu bai rabu da al'adun Katolika yadda suke so ba. Ayarin farko na masu wannan ra'ayi ya sauka Plymouth a 1620, babban ayari kuma ya biyo a 1630 ƙarƙashin John Winthrop ya kafa Boston. Mutane ne ma'abota alƙalami. Sun bar wa'azozi da tarihin ƙaurarsu da kundaye inda mutum yake bin diddigin zuciyarsa kullum yana neman alamar ko yana cikin waɗanda Allah ya zaɓa. Sun kafa Harvard a 1636 don horar da fastoci, a 1647 kuma suka yi dokar da ta wajabta wa duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malamin karatu da rubutu, bisa hujjar cewa Shaiɗan yana amfani da jahilci ya nisanta mutane da Nassi.

Rubutu biyu ba su cika fita daga wannan zango ba. Ɗaya waƙar Anne Bradstreet ce a kan gobarar da ta cinye gidanta a 1666, inda take tuna wurin da akwatinta yake da teburin da baƙi suke cin abinci, sannan ta juya tana yi wa zuciyarta faɗa don ta liƙe wa kayan duniya. Ɗayan kuma wa'azin Jonathan Edwards ne na 1741 a garin Enfield, wanda ya siffanta mai zunubi da gizo-gizon da aka riƙe a saman wuta, har masu sauraro suka ɓarke da kuka. A makarantar gwamnati ana karanta wannan wa'azi a matsayin misalin salon tsoratarwa. A makarantar Kirista akwai yiwuwar wasu 'yan ajin sun yarda da duk abin da Edwards ya faɗa, don haka tattaunawar takan yi zafi ta wata fuska dabam.

A nan ne babbar ribar makarantar Kirista take. Yaron da ya tashi yana zuwa makarantar Lahadi ba ya buƙatar a gaya masa wane ne Ayuba ko Yunusa, ko abin da ya faru tsakanin Kayinu da Habila. Marubutan Amurka kuwa sun ɗauka mai karatu ya san waɗannan. Herman Melville ya raɗa wa mai ba da labarin Moby-Dick na 1851 suna Isma'ilu, ya raɗa wa kyaftin ɗin jirgin sunan Ahab, mugun sarkin Isra'ila, ya kuma sa cikakken wa'azi a kan Yunusa kafin jirgi ya tashi. John Steinbeck ya gina East of Eden na 1952 a kan labarin 'ya'yan Adamu biyu. William Faulkner da Toni Morrison sun ciro sunayen wasu littattafansu daga Tsohon Alkawari. Hukuncin 1963 bai hana a koyar da Littafi Mai Tsarki a matsayin adabi a makarantun gwamnati ba, amma malamin can yakan ɓata lokaci yana bayanin abin da ɗalibin makarantar Kirista ya sha tun yana ƙarami.

Haɗarin wannan zango shi ne a mayar da Furitan waliyyai. Su ne suka rataye mutum 19 a Salem a 1692 bisa zargin maita. William Bradford, wanda ake karanta tarihin da ya rubuta na Plymouth, ya ba da labarin ƙone sansanin ƙabilar Pequot a 1637, inda ɗaruruwan mutane suka hallaka, yana ganin nasara ce daga Allah. Manhajar da ta kawo addu'o'insu ta tsallake wannan ta ba yara rabin labari.

Inda hanya ta fara rabuwa

Da an shiga ƙarni na 18 murya takan canja. Benjamin Franklin ya rubuta tarihin rayuwarsa da jerin kyawawan halaye 13 da ya ɗora wa kansa yana bibiya a jadawali, kamar ɗan Furitan, sai dai babu maganar zunubin asali, babu neman ceto. Ralph Waldo Emerson ya fi shi nisa. Fasto ne da ya ajiye aikin coci a 1832, ya je gaban ɗaliban tauhidi na Harvard a 1838 ya ce musu cocin zamaninsu ya mutu a tsaye, sannan a maƙalarsa ta 1841 kan dogaro da kai ya ce mutum ya bi muryar da ke cikin ransa ko da ta saɓa wa kowa. Wannan ra'ayi ya ratsa al'adar Amurka har cikin fina-finan yara da jawaban bikin yaye ɗalibai. Malamai masu lura sukan ce yaran makarantar Kirista suna yarda da Emerson ba tare da sun sani ba, kuma ranar da aka karanta shi ce ranar farko da suke ganin cewa abin da suka ɗauka gaskiya ce ta kowa yana da mai shi da ranar haihuwa.

Nathaniel Hawthorne shi ne wanda makarantun Kirista suka fi riƙo da shi a cikin marubutan ƙarni na 19. The Scarlet Letter na 1850 labarin Hester Prynne ne, wadda ta haihu ba da mijinta ba a Boston ta Furitan, aka yanke mata ta riƙa yawo da jan harafi a ƙirji. Wanda ya yi mata cikin kuwa shi ne faston garin, wanda ya ɓoye laifinsa shekara bakwai yana wa'azi jama'a na ƙara ganin tsarkinsa, shi kuma yana rubewa daga ciki. Hawthorne jikan jikan ɗaya daga cikin alƙalan Salem ne, kuma bai kasance mai zuwa coci ba, amma ya ɗauki zunubi da muhimmancin da Emerson bai ba shi ba. Littafin yana ba aji damar tambayar wane ne ya fi lalacewa tsakanin wadda aka kunyata a bainar jama'a, da wanda ya ɓoye, da mijin da ya mayar da ramuwa sana'a. Emily Dickinson kuma, wadda ta bar waƙoƙi kusan 1,800 a lokacin mutuwarta a 1886, ta yi amfani da ma'aunin waƙoƙin coci ta rubuta shakkunta game da mutuwa da lahira. Yaran da suka saba rera waƙoƙin sujada sukan ji karin a kunnensu tun kafin malami ya ambata.

Bauta da coci

Sashe mafi nauyi a shekarar shi ne na bauta, domin a nan ne adabin yake tuhumar Kiristoci da sunan addininsu. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta a Maryland a 1838, ya buga tarihin rayuwarsa a 1845. A ciki ya ba da labarin ubangidansa da ya je taron farkawa na coci ya tuba, ya dawo ya fi da mugunta, domin yanzu ya samo ayoyin da yake kafa hujja da su yana dukan bayi. Douglass ya ce a duk iyayengijin da ya sani masu addinin su ne mafi tsanani. A ƙarshen littafin ya ƙara wani babi yana rarrabe addinin Almasihu, wanda ya ce yana ƙauna, da addinin masu bayi na ƙasar, wanda ya ce ya tsana. Ba a iya kawar da wannan littafi da cewa marubucinsa maƙiyin addini ne. Daga cikin gida yake magana, da harshen annabawan Tsohon Alkawari. Shugaba Abraham Lincoln ma, a jawabin rantsar da shi karo na biyu a 1865, ya lura cewa ɓangarorin yaƙin basasar biyu littafi ɗaya suke karantawa, Allah ɗaya suke roƙo, kowa yana neman a ba shi nasara a kan ɗan'uwansa.

Mark Twain ya kawo tuhumar ta bakin yaro. A Huckleberry Finn, wanda ya fito a Amurka a 1885, yaron ya gudu a kan kogin Misisifi tare da Jim, bawan da ya tsere. Duk abin da aka koya masa a coci da gari ya nuna masa cewa taimakon bawa ya gudu sata ce, kuma mai yin ta wuta zai shiga. A babi na 31 ya rubuta wasiƙar tona asirin Jim, ya ji kamar an wanke shi daga zunubi, sannan ya tuna alherin da Jim ya yi masa, ya yayyage wasiƙar, ya amince zai shiga wutar. Mai karatu ya san yaron ya yi daidai a daidai lokacin da shi yaron yake ganin ya hallaka. Samun ɗan shekara 16 ya fahimci wannan juyin, ya kuma iya bayyana shi a rubuce, yana cikin manyan nasarorin shekarar. A makarantar da ke koyar da biyayya ga iyaye da coci, babin yana tilasta tambayar da ba a gudun ta: yaya mutum zai gane lokacin da tarbiyyar da aka ba shi da sunan Allah ta karkace? Littafin yana da wata matsalar kuma. Kalmar cin mutuncin baƙar fata ta fito a cikinsa fiye da sau 200, kuma a ajin da baƙaƙen yara ba su wuce biyu ko uku ba, dole malami ya tsara tun farko yadda za a bi da ita idan ana karatu da murya.

Manyan kundayen adabi sukan haɗa da Phillis Wheatley, wadda aka kamo daga Afirka ta Yamma tana yarinya ta buga waƙoƙinta a 1773, da Olaudah Equiano, wanda ya ce a ƙasar Ibo aka haife shi. Akwai wasu biyu da ba a cika kawowa aji ba alhali sun cancanta. Umar bin Sa'id malami ne daga Futa Toro da aka sayar a Amurka, ya rubuta tarihinsa da Larabci a 1831, ya buɗe shi da Suratul Mulk, ko da yake yana zuwa cocin iyayengijinsa, kuma masana suna saɓani kan ko ya taɓa barin Musulunci da gaske. Nicholas Said kuwa haifaffen Kukawa ne a Barno. An sayar da shi ta hamada zuwa Tarabulus, ya bi ta Istanbul da Rasha, ya isa Amurka yana ɗa, ya shiga rundunar jihohin arewa a yaƙin basasar a 1863, ya buga tarihinsa a 1873.

Ƙarni na 20

Bayan yaƙin basasa da yaɗuwar ra'ayin Darwin, marubuta irin su Stephen Crane, wanda ɗan fasto ne, da Jack London sun zana duniyar da ba ta damu da ɗan Adam ba: teku ko ƙanƙara ta kashe shi ba tare da ƙiyayya ko tausayi ba. Wannan sashe akan wuce shi da sauri da gajerun labarai. Inda ake zama shi ne The Great Gatsby na F. Scott Fitzgerald na 1925, labarin mutumin da ya tara dukiya ta haramtacciyar hanya don ya dawo da matar da ta riga ta yi aure. A littafin akwai wani tsohon allon talla na likitan ido mai manyan idanu da ke kallon juji, wanda wani miji da baƙin ciki ya gigita ya ɗauka idanun Allah ne. Kusan babu ajin Kirista da ba ya tsayawa a kan wannan allo. Wasan kwaikwayon Arthur Miller na 1953 a kan Salem, da littafin Harper Lee na 1960 a kan shari'ar baƙar fatan da aka yi wa ƙazafi a Alabama, su ma suna cikin waɗanda aka saba.

Flannery O'Connor ta fi ba yara mamaki. 'Yar Katolika ce mai tsananin riƙo daga jihar Jojiya, ta mutu a 1964 tana da shekara 39, amma labaranta cike suke da kisa da mayaudara da masu addinin baka. A mafi shahararsu wani ɗan fursuna da ya tsere ya kashe iyali guda a gefen hanya, kuma kakar gidan, mace mai son kai da yawan surutu, ba ta ga gaskiyar kanta ba sai a daƙiƙar da bindiga ke kanta. Ɗaliban da suka saba da fina-finan coci masu ƙarewa da murna sukan ƙi labarin da farko. O'Connor ce take koya musu cewa rubutun mai bangaskiya ba lallai ya zama mai laushi ba. A ɗaya gefen akwai gajeren labarin Langston Hughes na 1940, inda yake tuna daren da ya tashi a taron farkawa ya yi kamar ya sami ceto don kawai a daina jiransa, ya koma gida yana kuka saboda ƙaryar da ya yi. A makarantar da ake yin sujada kowane mako, akwai yaran da suka san wannan hali a jikinsu, kuma malamin da ya kawo labarin yana buƙatar hikima.

Me ya sa ake karanta waɗanda ba su yi imani ba?

Tambayar ta girmi Amurka. Tun ƙarni na 3 malamin coci Tertullian ya yi shakkar ko akwai abin da ya haɗa hikimar Girkawa da bangaskiya. Augustine ya amsa da misalin Isra'ilawa da suka fita Masar ɗauke da zinariyar Masarawa: duk gaskiyar da aka samu a hannun arna ta Allah ce, a karɓa. Masu wannan ra'ayi suna kuma nuna cewa Manzo Bulus ya ambaci mawaƙan Girkawa a wa'azinsa na Atina. Masu taka-tsantsan kuwa suna kafa hujja da wasiƙarsa ga Filibiyawa, inda ya ce a sa tunani a kan abin da yake mai tsabta da kyau. Kowace makaranta tana wani wuri tsakanin waɗannan biyu.

Masu taka-tsantsan sukan yi amfani da kundayen kamfanonin Abeka na Pensacola a Filorida ko BJU Press na Greenville, waɗanda suke kawo zaɓaɓɓun ɓangarori tare da gabatarwar da ke auna kowane marubuci da ma'aunin aƙida. Wasu makarantun suna bin hanyar da ta yaɗu daga shekarun 1970 ta hannun marubuta irin su Francis Schaeffer da James Sire, inda ake tambayar kowane littafi: me ya ce game da Allah, da ɗan Adam, da tushen matsalar duniya, da maganinta? Tambayoyin suna da amfani, suna ba yaro abin riƙewa. Aibinsu yana fitowa idan suka zama su ne dukan darasin. Ɗalibi sai ya koma kamar jami'in kwastan a kan iyaka, yana buɗe kaya don neman haramtacce kawai, ya manna wa Crane takardar rashin imani, ya manna wa Emerson ta bautar kai, ya rufe littafi bai ji komai ba. Marubucin Kirista C. S. Lewis ya yi gargaɗi a kan wannan a 1961, inda ya ce mai karatu ya fara miƙa wuya ga littafi ya karɓe shi kafin ya yanke masa hukunci. Ajin da ya fi inganci shi ne wanda ake jinkirta hukuncin har sai yaro ya iya faɗin abin da marubucin yake nufi yadda shi marubucin zai yarda an fahimce shi.

Maganar ta taɓa kaiwa kotu. A 2005 ƙungiyar ACSI da wata makarantar Kirista ta garin Murrieta suka kai Jami'ar Kalifoniya ƙara, saboda ta ƙi amincewa da wasu darussansu a cikin sharuɗɗan shiga jami'a, har da wani darasi kan Kiristanci da ɗabi'a a adabin Amurka. Makarantar ta ce wariyar addini ce. Jami'ar ta ce darussan ba su koyar da nazari mai zurfi yadda take buƙata ba. Alƙali ya ba jami'ar gaskiya a 2008, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2010. Iyaye ma suna da tasu muryar, kuma a makarantar kuɗi muryar tana da nauyi. Littattafai irin su The Catcher in the Rye da Beloved na Toni Morrison sukan jawo ƙorafi saboda ashar ko batsa ko tashin hankali, shi ya sa makarantu da yawa suke aika wa iyaye jerin littattafan tun farkon shekara, su tanadi wani littafin ga yaron da iyayensa suka ƙi.

Koyar da rubutu

Rabin darasin rubutu ne, kuma shi ne rabin da ya fi cin lokacin malami. Yara sukan iso aji na 11 da tsarin insha'i mai sakin layi biyar: gabatarwa da ke ƙarewa da jimlar da ta ɗauki ra'ayin marubuci, sakin layi uku na hujja, da kammalawa. Aikin wannan shekara shi ne a fitar da su daga wannan ƙangi ba tare da sun rasa tsari ba. Ana koya musu su kafa ra'ayin da wani zai iya musantawa, su kawo hujja daga cikin nassin da lambar shafi, su bayyana yadda hujjar ta tabbatar da ra'ayin. Akan bi matakai: daftarin farko, gyaran abokin aji, ganawa da malami, sannan sake rubutu. Akwai kuma doguwar takardar bincike mai bin ƙa'idar MLA ta ambaton madogara. Malamin da ke da ɗalibai 100, idan ya ba kowace takarda minti 15, ya ci awa 25 a kan aiki guda, ban da shirya darasi. Albashinsa kuma, a matsakaici, bai kai na takwaransa na makarantar gwamnati ba.

Ɗaliban makarantun Kirista suna da wata lalura ta musamman a rubutu. Sun saba da salon shaida da na wa'azi, don haka sukan rufe insha'i da aya ko da darasin ɗabi'a, su ɗauka hujja ta cika. Takarda a kan Gatsby sai ta ƙare da cewa kuɗi ba ya kawo farin ciki, maganar da ba ta buƙatar a karanta littafin. Maganin da malamai suka fi amfani da shi shi ne wasiƙar da Martin Luther King ya rubuta daga kurkukun Birmingham a watan Afrilun 1963, yana amsa wa malaman addini farare takwas da suka ce zanga-zangarsa ba ta zo a kan lokaci ba. King fasto ne, ya ambaci Bulus da Augustine da Thomas Aquinas, amma bai jefa aya ya tafi ba. Ya ɗauki ƙorafin abokan gardamarsa ɗaya bayan ɗaya, ya faɗe shi da adalci, ya rarrabe doka mai adalci da marar adalci, sannan ya amsa. Yara sukan warware wasiƙar jimla-jimla suna neman inda ya dogara da mutuncinsa, da inda ya taɓa zuciya, da inda ya kafa dalili, rabe-raben da suka samo asali daga Aristotle.

Wani reshe na makarantun ya ɗauki balaga da muhimmanci fiye da saura. Su ne masu bin tsohon tsarin nahawu da mantiƙi da balaga, waɗanda suka samo ƙwarin gwiwa daga laccar da marubuciyar Ingila Dorothy Sayers ta gabatar a 1947. Makarantar Logos da aka buɗe a jihar Idaho a 1981 tana cikin na farko. A irin waɗannan makarantu ɗalibin ajin ƙarshe yakan rubuta doguwar maƙala ya tsaya gaban kwamiti ya kare ta da baki. Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022, wannan tsohuwar hanya ta sami sababbin masoya, domin takardar da aka rubuta a gida ba ta ƙara zama shaidar cewa yaro ya yi tunani ba. Malamai da dama sun koma sa rubutu a cikin aji da biro da takarda, da tambayar ɗalibi ya bayyana abin da ya rubuta. Makarantun Kirista sukan ɗauki satar fasaha a matsayin ƙarya da sata, ba karya dokar makaranta kawai ba, amma hakan bai sa jarabar ta ragu ba.

A ƙarshen shekara akwai ma'auni biyu da ba makarantar ce ta tsara su ba. Ɗaya shi ne insha'in neman shiga jami'a, wanda a fom ɗin Common App bai wuce kalma 650 ba, inda yaro zai ba da labarin kansa ga baƙon da mai yiwuwa bai san komai game da cocinsa ba. Ɗayan shi ne jarrabawar AP ta harshe da insha'i da hukumar College Board take shiryawa a watan Mayu. Tana ɗauke da insha'i uku: haɗa hujjoji daga majiyoyi dabam-dabam, nazarin balagar wani nassi, da kare ra'ayi. Sakamakon daga 1 ne zuwa 5, kuma jami'o'i da yawa suna yafe wa wanda ya ci da kyau darasin rubutu na shekarar farko. Masu duba takardun ba sa ganin sunan makarantar da ɗalibi ya fito, don haka takardar ɗan makarantar Kirista da ta ɗan makarantar gwamnati da ma'auni ɗaya ake auna su.